Tambaya da Amsa: Me mutum zai koya a mako biyu na tonon kufan Rumawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Newcastle, arewacin Ingila. Mun kai ziyara Vindolanda, tsohon sansanin Rumawa da ke kusa da Ganuwar Hadrian, sai na ga mutane durƙushe cikin laka suna tono, har da dattawa masu furfura. Aka ce mini 'yan sa-kai ne, wai su ne ma suke biyan kuɗi. Tun ina makaranta nake son tarihi, amma ban karanci fannin ba. Da gaske ana koyon wani abu a irin wannan wuri, ko leburanci ne kawai? Kuma idan mutum ya tono abu mai daraja, yana da kaso?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da ta ƙarshen don ta fi sauƙi: ba ki da ko sisi. Filin mallakar gidauniyar Vindolanda ne, wadda aka kafa a 1970, kuma duk abin da ya fito ana adana shi ne don bincike da nuni a gidan tarihi. Dokar Ingila ta 1996 kan dukiyar da aka tsinta a ƙasa ta tanadi lada ga wanda ya ci karo da tsohuwar zinariya ko azurfa ya kai rahoto, amma mai aikin tonon bincike ba ya cikin masu karɓar ladan. Wuri mai kariya irin wannan kuwa, wanda ya sa masa diga ba izinin hukuma ya yi laifi tun a dokar 1979.

Leburanci akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Za ki tura baro, za ki ɗauki bokiti, za ki riƙe shebur har tafin hannu ya yi kanta, ga ruwan saman yankin Northumberland da ba ya sallama. To amma a cikin wannan wahalar karatun yake, kuma dalilinsa yana ga yadda wurin ya ginu.

Rumawa sun kafa sansanin farko a Vindolanda wajen shekara ta 85 miladiyya, kusan shekara 40 kafin Sarki Hadrian ya sa a fara ganuwarsa a 122. Daga nan an yi ta rushewa ana sake gini a wuri guda, har sansani tara, na farko-farko da katako, na baya da dutse. A bakin ƙofar sansanin wani gari ya tashi, mai shaguna da mashaya da gidan wanka da ɗakunan bauta da gidajen iyalan sojoji, kamar dai yadda kasuwar mami take manne da bariki. Duk rundunar da ta zo ba ta kwashe ɓaraguzan na gabanta, sai ta baje su, ta shimfiɗa yumɓu da ƙasa mai ciyawa a kai, ta yi nata ginin. Shi ya sa ƙasar wurin take hawa-hawa. Aikin mai tono shi ne ya ɓare hawan nan ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙarshe zuwa na farko, ba tare da ya cakuɗa su ba.

Ranar farko za a miƙa miki ƙaramin cokali irin na magina. Za a nuna miki yadda ake kankare ƙasa da gefensa, ana janyowa, ana ja da baya a kan gwiwa don kada a taka inda aka share. Za a hana ki abu biyu da hannun sabon shiga yake ƙaiƙayin yi: zaro abin da ya leƙo daga ƙasa, da haƙa rami a bi shi. Abu yana nan inda yake sai an sauke duk ƙasar da ke kewaye da shi, an san a wane hawa yake kwance. Kwana biyu ko uku za ki ga kamar duk ƙasar iri ɗaya ce. Daga baya ido yake buɗewa, ki fara ganin wata baƙar da'ira a tsakiyar yumɓu mai ruwan ɗorawa, mai kula da ramin ya ce miki gurbin ginshiƙi ne da ya ruɓe. Wani lokaci ma kunne ne yake riga ido, don ƙarar cokali a kan daɓen tsakuwa daban take da ƙararsa a kan cikon kwata.

Kowane hawa, kowace katanga, kowane rami, lambarsa daban da fom ɗinsa. Ramin da aka haƙa lamba ɗaya, ƙasar da ta cika shi wata lambar, domin haƙawar da cikawar ba rana ɗaya aka yi su ba. Ana auna zurfi, a ɗauki hoto, a zana taswira, yawanci santimita 1 a takarda a madadin 20 a ƙasa. Daga baya a jera lambobin a wani jadawali da Edward Harris ya ƙirƙiro a 1973, mai nuna wanne ya riga wanne. Ana wannan ɗawainiyar ne saboda tono ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Hawan da aka kwashe ya tafi ke nan, abin da ya rage wa duniya shi ne abin da aka rubuta.

Ga misalin amfanin hakan. A ce kin sami tsabar kuɗi mai kan Sarki Trajan, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117, a ƙarƙashin daɓen wani ɗaki. Kin san ke nan ba a yi daɓen kafin a buga kuɗin ba, ko da yake yana iya yiwuwa an yi shi da daɗewa bayan haka, tunda kuɗi yana yawo a hannun mutane. Idan kuwa wani ya zaro tsabar ya zo yana murna ba a san ko saman daɓen take ko ƙasansa ba, an sami tsaba an rasa labari. Haka tsingaron jan kasko mai sheƙi da ake kawowa daga ƙasar da yau ake kira Faransa: sau da yawa akwai hatimin maginin a gindinsa, kuma an san zamanin da yawa daga cikinsu. Don haka kada ki raina ranar da za a tura ki wankin tsingaro da buroshin haƙori. A wurin wankin ne hannu yake sanin bambancin kayan.

Inda Vindolanda ta yi zarra shi ne can ƙasa. Yumɓun da Rumawa suka shimfiɗa ya toshe iska, ƙwayoyin da ke ruɓar da abu suka rasa yadda za su yi. Ƙasar wurin baƙa ce, damtsatstsiya, cike da ciyayi da tattakar da aka shimfiɗa a ɗakuna, ga wari mai hawa kai. A nan salon aiki yake sauyawa: a yanko ƙasar gunduwa-gunduwa da shebur, a ɗora a baro, a riƙa ɓarɓasa ta da yatsu. Ta haka aka tara takalman fata sama da 5,000, har da na mata da ƙananan yara, abin da ya nuna ba sojoji kaɗai ke zaune a wurin ba. A 1973 Robin Birley ya ci karo da wasu siraran ɓallin itace biyu manne da juna, ya raba su ya ga rubutun tawada. Kafin a kai wa masana itacen ya yi baƙi, sai da hoton hasken infrared, wanda ido ba ya gani, aka dawo da rubutun. Daga baya aka tono irin waɗannan allunan da yawa, cikinsu akwai wasiƙar da Claudia Severa ta aika wa Sulpicia Lepidina, matar kwamandan rundunar Batabiyawa, wata ƙabila da ke yi wa Rumawa aikin soja, tana gayyatarta bikin ranar haihuwarta wajen shekara ta 100, ta kuma ƙara gaisuwa da hannunta a ƙarshe. Wannan yana cikin rubuce-rubucen Latin mafi daɗewa da aka san mace ce ta yi. Akwai mai aika wa soja safa da takalma da kamfai, akwai hafsan da ke roƙon a turo giya don ta yaransa ta ƙare. Wanda zai fi jan hankalinki, ke da kike jinya, shi ne rahoton rundunar Tungriyawa, wata ƙabilar da ita ma ta zauna a sansanin: mutum 752, 456 suna aiki a wasu wurare, cikin 296 da suka rage 31 ba sa iya aiki, 15 marasa lafiya, 6 masu rauni, 10 masu ciwon ido. Ki lura allon nan bai fi kaurin kwali ba, kuma a cikin laka kamanninsa ɗaya da ɓawon itace. Wanda bai koyi haƙuri a hawan sama ba, shi ne zai murtsuke shi bai sani ba.

Sai dai kada ki ɗora wa mako biyu abin da ba zai iya ɗauka ba. Za ki fito kin iya riƙe cokali, kin san hawa da lamba, kin gane yaren masu aikin. Ba za ki fito masaniya ba. A ganina ma akwai bambanci tsakanin tonon bincike da ke karɓar 'yan sa-kai, inda sau da yawa ma'aikata ne ke riƙe da zane da awo, da makarantar tono irin wadda Jami'ar Reading ta yi shekaru tana gudanarwa a garin Rumawa na Silchester, inda koyarwar ce gaba. Duk inda za ki, ki tambaya tun kafin ki biya: za a bar ni in cika fom, in yi zane, in riƙe ma'auni? Mutum nawa ne a hannun mai kula ɗaya? Ana wallafa sakamakon tonon? Wurin da ya kasa amsa ta ukun, ki riƙe kuɗinki.

Idan Allah ya mayar da ke gida, tsarin ɗaya ne ko da ƙasar ta bambanta. Zafi da gara ba sa barin fata da katako, amma karatun hawa bai sauya ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen wannan fanni. Yawancin gumakan Nok da suka watsu a kasuwannin Turai masu haƙar sata ne suka fito da su, ba lamba ba awo, shi ya sa ba a san daga wane rami suka fito ba balle abin da ke kusa da su.

Lokacin tono a Vindolanda daga bazararsu ne zuwa farkon kaka, kashi-kashi na mako biyu. Ana buɗe rajista tun ƙarshen shekarar da ta gabata, gurabe kuma ba sa jimawa, don haka ki daidaita hutunki da asibiti da wuri. Idan kin rasa, ƙungiyar Council for British Archaeology tana sanar da tone-tonen da ke neman 'yan sa-kai a faɗin ƙasar. Ki tanadi takalmi mai ƙarfi, rigar ruwa, safar hannu da abin durƙuso, ki kuma duba ko allurar tetanus ɗinki ba ta wuce lokaci ba.