Kafin Ki Kawo Mini Hanifa Liyon

Dije ƙanwata, bayan gaisuwa mai yawa. Yaya zafin Garwa? Na san tunda Maris ya kama, Binuwai ta ja baya ta bar muku yashi, dare ma sai a tsakar gida. Ki gaida Inna da kyau, ki gaida Baban Hanifa.

Saƙonki na murya sau biyu na saurare shi, na farko a cikin taram ina dawowa daga aiki, na biyu bayan yara sun kwanta. Alhamdu lillahi da jami'ar ta karɓe ki, Allah ya sa wa digirin nan na uku albarka. Kin ce ƙarshen Agusta za ku iso nan Liyon ta Faransa in Allah ya yarda, Hanifa watan gobe za ta cika huɗu, ba ta jin Faransanci sai gaisuwa da godiya, kina tsoron ta zama abin dariya a aji. Shi ya sa kika sayo mata littafin abese, na koyon haruffa, a babbar kasuwa, kika kuma kafa doka daga yau kada wanda ya ƙara yi mata Hausa a gidan. Kina tambaya ko daidai kika yi, da yadda za ki koya mata karatu kafin ku taso.

Littafin ki adana shi, ranarsa na zuwa. Dokar kuwa ki janye ta yau ɗin nan, tun kafin Inna ta ji labari.

Bari in fara kwantar miki da hankali kan lekol ɗin nan, wato makaranta. Tun 2019 doka ta wajabta karatu a kan kowane yaro da ke zaune a Faransa daga shekara uku, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Makarantar ƙananan, wadda suke kira maternelle, aji uku ce, kuma da shekarar haihuwa ake rabawa, don haka Hanifa ajin tsakiya za ta shiga. A ajin nan ba wanda ya iya karatu, har 'ya'yan Turawan. Waƙa suke yi, da zane, da sauraron labari, da tafa gaɓoɓin suna, su koyi gane sunansu in an rubuta shi da manyan haruffa. Karatu na sosai sai a CP, shekarar da yaro zai cika shida. Kada sunan ya ruɗe ki: mu a Kamaru SIL ne ajin farko sannan CP, su a nan ba su da SIL, CP ɗin ne farkon firamare. Kin ga kina da shekara biyu da rabi a gabanki, ba wata biyar ba.

Abin da ya sa na ce ki janye dokar, ni na riga ki kafa ta, kuma har yau ina cin kuɗarta. Da muka zo, Abba na da shekara uku. Wata 'yar ƙasarmu da ta daɗe a nan ta ce mini harshe biyu na rikita yaro, in bar Hausa sai ya girma. Na bi. Sai dai Faransancina na lekol ne da na asibiti, ban iya wasa da shi ba, ban iya rarrashi da shi ba, ban san tatsuniya ko ɗaya da shi ba. Na wayi gari tsakanina da ɗana sai umarni: zo, zauna, ci, kwanta. Yaron da a gida bakinsa ba ya rufuwa ya koma shiru-shiru. Na kuma zaunar da shi ya haddace haruffa ashirin da shida da waƙarsu, duk baƙon da ya zo sai na sa ya rera, ana cewa masha Allah. Da ya shiga CP aka rubuta masa l da a, aka ce ya haɗa, ya ce "ela". Ai gaskiyarsa, sunan harafin na koya masa, "el", ban taɓa koya masa kukan da harafin ke yi ba. Ya sha wuya wata da watanni kafin ya warware. Yau shekararsa goma sha huɗu, Faransanci kamar a nan aka yanke cibiyarsa, amma ke shaida ce, in Inna ta kira, daga "lafiya lau" sai ya miƙo mini waya. Abin nan na ci mini rai, Dije.

Da ƙanwarsa Walida ta zo sai na canza hanya. Da Hausa na koya mata haɗa baƙi, a kicin, kuma ita ce CP bai ba wuya ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Haɗa baƙi sau ɗaya yaro ke koyonsa a rayuwa. Ranar da ya gane cewa magana guntu-guntun sauti ce, kowane guntu na da alamarsa, in aka jera alamomin aka ja su tare sai kalma ta fito, to ya gama da babban aikin, duk harshen da ya shiga da wannan wayon zai shiga. Kuma wajen koyon wayon nan Hausar boko ta fi Faransanci sauƙi nesa ba kusa ba. Mu abin da aka rubuta shi ake faɗa. Su kuwa sautin o kaɗai ana rubuta shi o, ana rubuta shi au, ana rubuta shi eau. Dubi oiseau, tsuntsu: haruffa shida, a baki "wazo". Dubi ils mangent, haruffa ukun ƙarshe zaman banza suke yi. Ki ɗora wa yarinya wannan a harshen da ba ta ji, kin haɗa mata kaya biyu a ka ɗaya. Ko ta yi sa'a ta furta kalmar daidai, ba ta san me ta faɗa ba, balle ta ji daɗin. Amma ranar da ta ja n, a, m, a ta ji "nama" ya fito daga bakinta, za ki ga idonta.

Mu ma ai mun san tsarin nan tun a zauren Malam. Babbaƙu tukuna, alu, ambaki, wau, zal, sannan farfaru, sannan a haɗa. Jerin daidai yake. Inda aka cuce mu, a can da kuma a SIL, shi ne rerawa cikin taro ba tare da ido na kan harafi ba. Ni na tuna ina karanta shafi guda ba tuntuɓe alhali littafin a juye yake a hannuna, metiris, malamarmu, ba ta lura ba don mun yi mata yawa. Ke yarinya ɗaya gare ki, ba ki da wannan uzurin.

Da kunne za ki fara, ba alli ba takarda, kuma ki daɗe a nan, don nan ne mutane ke tsallakewa. Kina tsince shinkafa ki ce ku tafa sunaye: Ha-ni-fa tafi uku, In-na biyu, ta-bar-ma uku. In ta ƙware, ki rarraba kalma ta haɗa miki: "Ɗauko mini lu… da… yi." Za ta tsaya ta yi tunani, ta ruga ta kawo ludayi tana dariya. Daga nan ki koma farkon kalma. Ki ja sautin da tsawo, mmmasa, mmmangwaro, mmmage, ki ce wa kuma ke farawa haka a gidan nan? Ta ce Mama. Wata rana ki yi kuskure da gangan, ki ce a ba ki "sifi" maimakon kifi, ta gyara miki, yara na son kama babba da laifi. In dare ya yi ki tura ta wurin Inna, a yi ga ta nan ga ta nanku, a yi Gizo da Ƙoƙi, a yi mata ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto har harshenta ya harɗe. Duk wannan karatu ne, ko da Baban Hanifa zai ce wasa kuke yi.

Bayan makonni, in kin ga kunnen ya buɗe, sai haruffa. Ga inda nake so ki yi hattara. Kada ki ce mata "em", kada kuma ki ce "ma" irin yadda muke kiran baƙaƙen Hausa ba, ca, da. Ki ce mmm kawai, baki a rufe. In kika saba mata da "ma", ranar da kika sa i a gaba "mai" za ta ce, ba "mi" ba. Ki fara da waɗanda ake iya ja, m, n, s, l, tare da wasula a, i, o. Su b, d, t, k da ba sa jawuwa su biyo baya. Harafi ɗaya ko biyu a mako ya isa. Ki rubuta shi babba a yashin tsakar gida, ta bi da yatsa tana furtawa, sannan a koma ardowaz, ƙaramin allon lekol, da alli. Ni a nan da ba yashi, tsakin kuskus na zuba wa Walida a faranti.

Da gangan na zaɓi haruffan nan. Su ne waɗanda Hausa da Faransanci suka yi jituwa a kansu, yawancin abin da ta koya da su ba za a warware mata shi a lekol ba. Kuma sun ishe ki kalmomi: nama, nono, masa, tasa, dila, lada, Lami, Sani, Bala. Ki sa yatsa ƙarƙashin harafin farko ki ja zuwa dama ba tare da yanke numfashi ba, sssaaa, nnniii, har su manne. Kada ki bari ta yi canke daga hoto ko daga harafin farko. In ta canka, ki ce mu duba tare, ku sake ja. Kafin ku hau jirgi, in Allah ya so, za ta karanta wa Inna "Lami ta ba Sani masa". In ba ta kai nan ba ma ba komai, shekara huɗu ce fa.

Masu rigimar ki bar su sai can gaba: c, u, e, j, da h. Namu c na "ci" ne, nasu wani lokaci k wani lokaci s. Abin da muke rubutawa u su ou suke rubuta shi, nasu u ɗin kuwa sai an tsuke baki, ke ma kin san yadda muka sha da shi. Namu sh shi ne nasu ch. H ba sa furta shi sam, don haka ki shirya, 'yarki "Anifa" za ta koma ranar farko. In lokacinsu ya yi, abin da na gaya wa Walida ke nan: harafin nan riga biyu gare shi, ta gida da ta lekol. Ta karɓa ba gardama, don yaran da suka tashi suna jin Hausa a ɗaki, Fillanci a ƙofar gida, ba su ɗauki wannan abin mamaki ba. Sau ɗaya ta ba mu dariya, tana CP an koya musu s tsakanin wasula biyu z ne, ta dawo ta ga na rubuta masa a takardar cefane, ta ce Mama maza nawa za ki sayo?

Su ɓ, ɗ, ƙ kuwa namu ne, ba wanda zai koya mata su a nan in ba ke ba. Ki sa ta ji bambancin bari da ɓari, da kafa da ƙafa, sannan ki nuna mata ƙugiyar. Za ta kuma ci karo da kalma irin kuka, ta tsaya: na miya ko na hawaye? Rubutunmu ba ya nuna karin murya da tsawon wasali, jimlar ce ke raba gardama, kuma mai jin harshen ba ya ɓata.

Minti goma a rana, bayan la'asar in rana ta yi sanyi, cikinta a ƙoshe. Ki tashi tun tana so a ci gaba. Ranar da kika ji ranki ya fara ɓaci, ki share yashin ku shiga wani abu. Na san ki da saurin hannu, kada ki kawo bulalar Malam cikin wannan. Waya kuma ba za ta yi miki aikin ba. Waƙoƙin abese da ke cikinta sunayen haruffa suke koyarwa, irin abin da ya kayar da Abba.

Faransancin da take bukata yanzu na baki ne, kuma kaɗan: tana son fitsari, tana jin ƙishirwa, wuri kaza na mata ciwo, sunanta da sunan uwarta. Ki ware lokaci guda, ko wajen wanka, ki riƙa yi mata shi cikin wasa. In kin sami littafin hotuna ki karanta mata da Faransanci, ku yi hirarsa da Hausa. Bayan kun zo, mai yiwuwa ta yi wata biyu ko uku ba ta ce uffan a aji. Kada ki firgita, tarawa take yi. Na ga yara da yawa haka, rana ɗaya bakin ke ɓallewa. In kin lura sai an ɗaga murya take juyowa, ko kunnenta na yawan ciwo, wannan ki kai ta a duba tun kuna gida, don yaron da ba ya ji sosai ba ya rarrabe sauti.

A ofishin magajin gari ake rubuta yara, ba a lekol ɗin ba. Ki riƙo takardar haihuwarta da katin rigakafi a jakar hannu. Akwai rigakafin da aka wajabta wa yara a nan, in da wanda ya rage a cike shi. A Liyon ba aji ranar Laraba, ranar ce nake kai su ɗakin karatu na unguwa, yara kyauta suke aron littafi. Zan riƙa haɗawa da ita, ke ki ji da bincikenki.

Littafin yara na Hausa ne ba za ki samu a nan ba, don haka in akwai mai zuwa Yola ko Kano ki ba da saƙo. Ki ɗauki muryar Inna a waya tana tatsuniya, ko goma ne, ta yi su yadda take yi mana, da waƙoƙin ciki. Ki taho mini da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Kilishi kada ki wahalar da kanki, ba a shiga da nama ƙasashen Turai a kayan matafiyi, a filin jirgi za su karɓe. Sai ƙaramin allo guda biyu, ɗaya na Hanifa, ɗaya na Abba. Jiya da yake jin saƙonki ya tambaye ni ko har yanzu zai iya koya, na ce masa ƙanwarsa na tafe, su zauna tare.

Yayarki,
Maman Abba