Tambaya da amsa: Simfonin Frederic Cliffe da aka manta da ita

Tambaya: Salam Malam, dan Allah na ci karo da wani kiɗa a YouTube, wai simfoni ta ɗaya ta wani Bature Frederic Cliffe, na saurara ya min daɗi amma ban gane kansa ba, kuma ban taɓa jin sunan mutumin ba. Waye shi, kuma ya ake sauraron irin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya tambayar nan ta min daɗi sosai dan ko a Ingila ɗin ba kowa ya san Cliffe ba. An haife shi 1857 a kusa da garin Bradford na Ingila, ya rasu 1931, malamin piyano ne a kwalejin kiɗa ta sarauta da ke Landan, cikin ɗalibansa har da John Ireland, wanda shi ma ya zama marubucin kiɗa. Wannan simfonin ita ce aikinsa mai lamba ɗaya, an fara kaɗa ta a Crystal Palace, wani babban zauren taro a Landan, a watan Afrilun 1889, August Manns ne ya jagoranci makaɗan, kuma mutane sun yaba mata sosai, 'yan jarida ma haka, dan ba a saba ganin malamin piyano ya fito haka kawai da aiki mai girma irin wannan ba.

To ita simfoni ba waƙa ba ce, babu baki, kiɗa ne zalla na taron makaɗa masu yawa, masu goge manya da ƙanana, masu busa, mai tambari, kuma wannan kashi huɗu ce, minti arba'in da ɗoriya. Shawarata kar ka fara daga farko. Ka nemi kashin da ake kira Ballade, shi ne mai tafiya a hankali, ka sa abin kunne da daddare lokacin da gida ya yi shiru, ka ajiye wayar a gefe, ka bi taken da ya fara fitowa har ka iya rera shi da kanka, sai ka lura yadda yake tashi daga hannun wasu makaɗan ya koma hannun wasu, yana ƙara kauri yana ƙara nauyi har ya cika maka kunne sannan ya lafa. Ni wallahi duk lokacin da na zo wajen nan sai na mayar baya na sake ji. In ka riƙe wannan sai ka koma farko, za ka ji kashin farko da zafinsa yake zuwa, a nan ne za ka gane mutumin ya sha kiɗan Jamus ya ƙoshi, musamman na marubucin kiɗa Wagner, wajen yadda yake tara masu busa su ɗaga kiɗan sama.

Maganar me ya sa aka manta da shi, abin da ciwo. Shekararsu ɗaya da Edward Elgar, shahararren marubucin kiɗa na Ingila, dukkansu 'yan 1857 ne, kuma lokacin da Cliffe ya yi tashe Elgar bai yi suna ba tukuna, amma da simfonin Elgar ta ɗaya ta fito a 1908 sai ta mamaye ko'ina. Shi kuma Cliffe bai rubuta da yawa ba, ya yi simfoni ta biyu a 1892, ya yi kiɗan goge a 1896, daga baya ya daina ya koma koyarwa, bayan yaƙin duniya na ɗaya kuma kunnen mutane ya canza suka fara ganin irin wannan kiɗan tsohon yayi ne.

Abin da ba na so shi ne a riƙa auna simfonin Cliffe ta ɗaya da ta Elgar ana cewa ba ta kai ba, ai ta girme ta da shekara 19, ka saurare ta a matsayin kiɗan 1889. Mai yiwuwa abin da ka ji daga faifan kamfanin Sterling ne, wanda Christopher Fifield ya jagoranci makaɗan Malmö ta ƙasar Suwidin, a cikinsa akwai wani aikin Cliffe ɗin mai suna Cloud and Sunshine, shi ma ka neme shi bayan ka gama da wannan.