Sabon matuƙin jirgin sama: ta wace hanya zai tara awannin tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala karatun tuƙin jirgin sama, na karɓi lasisin CPL na tuƙin jirgin kasuwanci, kuma ina da awa 200 da 'yan kai a littafin rajistata. Ina zaune a Gwarimpa, Abuja, amma duk inda na kai takarduna sai a ce awannina sun yi kaɗan. Yaya zan ƙara su alhali ba a ɗauke ni aiki ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka sani cewa kamfanonin jiragen sama ba jimillar awanni kaɗai suke dubawa ba, suna kuma duba irinsu. Awa ɗaya da ka yi kana jagoran jirgi, ko kana tuƙa jirgi mai inji biyu, ko kana tafiya da na'urori kaɗai saboda gajimare ko hazon hunturu ya rufe gari, ta fi awanni masu yawa na zagaye filin jirgi da rana tsaka daraja. Awa 1,500 da ake yawan ambata sharaɗi ne na lasisin ATPL, wato lasisin tuƙin jirgi mafi girma, wanda kyaftin yake buƙata. A Amurka ne doka ta ɗora shi a kan mataimakin matuƙi ma tun shekarar 2013.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce koyarwa. Ka nemi shaidar malamin tuƙi, sannan ka nemi gurbi a makaranta irin su Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko ta Ilori. Amfaninta shi ne za a biya ka, ko da albashin bai taka kara ya karya ba, kuma awannin da ka yi da ɗalibi za a rubuta maka su a matsayin na jagoran jirgi. Bayan haka, wanda ya zauna a kujerar dama yana lura da ɗalibin da ke shirin sauka a karkace, hannunsa a kusa da sitiyari, yana auna lokacin da ya kamata ya karɓa, yana samun natsuwa da saurin yanke shawara, kuma su ne ainihin abin da ake gwadawa a simuleta, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, ranar tantancewa.

Zamanka a Abuja ma wata dama ce, domin akwai kamfanonin jiragen haya da na masu zaman kansu a filin jirgi na Nnamdi Azikiwe. Kada ka raina aikin ofishin tsara tashin jirage, domin idan gurbin mataimaki ya samu, wanda aka sani aka ga amanarsa aka fi tunawa. Wasu matasa kuma sukan tafi garin Maun na ƙasar Botsuwana, inda ake jigilar masu yawon buɗe ido da ƙananan jiragen Cessna, sai dai hakan yana buƙatar izinin aiki da sauya lasisi.

Inda nake so ka yi taka-tsantsan shi ne batun sayen horon ƙwarewa a kan wani samfurin jirgi, kamar Boeing 737 ko Embraer. Kuɗinsa yana da yawa ƙwarai, kuma idan ka yi shi ba ka samu jirgin da za ka tuƙa ba, lokacin sabunta shi zai zo ka sake biya. Kada iyalinka su sayar da fili ko gida a kan alkawarin baka. A samu takardar ɗauka aiki tukuna. Haka kuma, kada ka yarda da mai ba ka shawarar ƙara awannin da ba ka yi ba, domin ana iya gwada littafinka da rajistar jirgin, kuma NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, tana da ikon soke lasisi a kan haka.

Kafin aikin ya samu, ka kula da takardar lafiyarka ta aji na ɗaya, da shaidar tuƙi da na'urori, da ta Turancin sadarwa a mataki na 4, kada ɗaya daga cikinsu ta ƙare. Idan da hali, ka riƙa yin tashi uku da sauka uku cikin kowane kwana 90, domin kiran tantancewa yakan zo da ɗan gajeren wa'adi.