Kafin ka ɗora cokali a kan tsohon bango

Ɗana, tambaya biyu ka haɗa mini: me ya sa mu da muka iya gini za mu zauna jiran ɗaliban jami'a su gama awo da zane kafin mu taɓa bango, kuma me ya hana mu yaɓe kufan nan da siminti kowa ya huta. Bari in fara da simintin.

A can gida Mai Wurno damina ce ke cin bango daga sama, shi ya sa ake sabunta zibala, wato yaɓen laka da kashin dabbobi, kafin ruwa ya sauka. Nan arewacin Sudan ruwan sama bai taka kara ya karya ba, bango daga ƙafa yake mutuwa. Danshi na tasowa daga ƙasa ɗauke da gishiri, rana ta busar da shi, gishirin ya daskare cikin tubali ya yi ta farfasa shi. Iska kuma ta kwaso yashi tana goge gindin. To, in ka shafe fuskar da siminti, danshin bai fasa hawa ba, ƙofar fita kawai ka toshe masa. Sai ya ƙara sama yana ci daga ciki. Bayan 'yan shekaru ka ƙwanƙwasa yaɓen, za ka ji amon rami, in ka ɓamɓare sai tsohon tubalin ya zubo maka a hannu kamar garin dawa. Kuma ranar da simintin zai faɗi, da fuskar bangon yake tafiya.

Ƙa'idarmu a nan, abin da za ka ƙara kada ya fi abin da ka tarar ƙarfi. Sabuwar laka ita za ta sha iska da gishiri a madadin tsohuwa, in ta ƙare a sake wata. Je ka kufan tsohon birnin Karma ka duba. Daffufa ta yamma, tsohuwar haikalin birnin, ɗanyen tubali ce zalla, tsayinta kusan mita 18, ta haura shekara 3,500 a tsaye. Harsashin gidajen da aka tono kewaye da ita kuwa, sabon tubali aka jera a kansu, ya kare su, kuma mai ziyara ya ga fasalin garin. Shi ya sa nake sa ka buga tubalin gwaji kala uku ko huɗu, wani da yashi da yawa, wani da ƙaiƙayi, mu bar su su bushe mu ga wanda ya tsage. Ƙasar da za ka kwaɓa ma, ɗanɗana ta a harshe tukuna. In ka ji gishiri, bar ta.

Sai ɗaliban. Na san abin da ke ba ka haushi: yarinya ta wuni da buroshi a kan wurin da za ka kwashe da shebur uku. Amma ƙasar kufai hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama. Gawayi ko tsingaro da ke ƙarƙashin harsashi shi ke faɗin zamanin da aka yi ginin, muddin an san daga wane hawa ya fito. Da ka juye shi cikin kwando ɗaya da na sama, shi ke nan, ya zama shara. Bango in ya karkace sai mu rushe mu sake. Tono ba a sake shi.

Dalolin Bajarawiya, kaburburan sarakunan dā, da ka gani da gutsurarrun kawuna, ba duka ɓarnar iska ba ce. A 1834 wani likita ɗan Italiya, Ferlini, ya rushe dalar sarauniya Amanishaketo tun daga sama yana neman zinariya. Ya samu, kuma yau kayan suna gidajen tarihi na Jamus, mu aka bar mana tsibin duwatsu. Gwada wannan da 2003, lokacin da ayarin Charles Bonnet na Suwizalan suka ci karo da rami a Dukki Gel, kusa da Karma, cike da fasassun mutum-mutumi bakwai na sarakuna biyar, har da na sarki Taharka. A tsanake aka kwashe su, aka haɗa gutsattsarin, suka miƙe tsaye a gidan tarihin Karma. Wannan haƙurin ake koya wa yaran a sashen kayan tarihi na Khartum da Shandi da Dungula. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka kuma wawushe babban gidan tarihi na Khartum, na daina raina littafin rajistar nan na ɗaliban. Abin da aka sace, in yana da lamba da hoto a rajista, ana iya nuna shi a ce namu ne. Wanda ba a rubuta ba, da wace hujja za ka karɓo shi?

Amma ban ce sun gama sani ba. Ɗalibi zai faɗa maka zamanin bango, ba zai iya duban kwaɓi ya ce ya kwana ko bai kwana ba, bai san tsagar da ta tsaya da wadda ke tafiya ba. A ganina da jami'o'in nan za su riƙa kawo magina aji, ko su tura kowane ɗalibi ya yi wata guda yana taka laka, da rahoton gyaran da suke rubutawa ya fi haka amfani. Kafin su yi, kai ka nuna musu in sun tambaya, ba tare da gori ba.

In kana aiki cokalinka ya taɓa ƙashi, ko dutsen ado, ko tukunya, ɗaga hannu. Kada ka ciro, kada ka wanke, kada ka sa a aljihu don ka nuna mini da yamma. Dokar 1999 ta mai da kayan tarihi mallakar ƙasa, kuma kowane ayari na tare da sufeto daga hukumar kayan tarihi da gidajen adana su. Rufe wurin da kwando saboda rana, ka kira shi.