Tambaya da Amsa: Jarumin fim ɗinmu na bishara ya shiga bakin duniya

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mu matasan wata ikilisiya ne a Mabera, Sakkwato. Mun yi wata huɗu muna ɗaukar fim na minti 50 a kan zaman aure, za mu haska shi ranar Ista. Kwatsam sai magana ta ɓulla wai wanda ya fito a matsayin fasto ya kori matarsa. Wasu dattawa sun ce a binne fim ɗin, wasu sun ce ina ruwan fim da gidan mutum. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, duka ɓangarorin sun yi gaggawa. Kiristocin Sakkwato kusan kowa ya san gidan kowa. Da zarar fuskar mutumin nan ta fito a farin ƙyalle yana yi wa ma'aurata nasiha, raɗa za ta tashi daga bencin baya, sauran minti 40 ɗin kuma babu mai jin su. Amma binne wahalar mutum ashirin a kan "wai" zalunci ne.

Ku fara da tabbatar da maganar, bisa tsarin Matiyu 18:15-17. Mutum ɗaya ya same shi a keɓe, in abin bai warware ba a koma da mutum ɗaya ko biyu. A ji ta bakin matar ita ma, kuma uwa ɗaya daga zumuntar mata ta fi dattawa biyar iya wannan aikin. Kada ku tattauna batun a zauren WhatsApp na matasa, can ne ƙura ke zama guguwa. In ƙarya ce, ku haska abinku. In gaskiya ce har dattawa suka sa shi a ƙarƙashin horo, fim ɗin ya dakata, domin wanda aka hana tsayawa gaban jama'a ba a dawo da shi ta majigi.

Daga nan sai lissafi. Ku zauna da mai tace hoto ku ƙirga fitowarsa ɗaya bayan ɗaya. In ba ta wuce biyar ko shida ba, kwana biyu sun isa a sake ɗauka da wani. A nan ake yawan yin tuntuɓe: kun ɗauki na farko cikin hazon hunturu, yanzu kuwa rana ce tsirara, hasken ba zai yi daidai ba. Ku ɗauka tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe ko bayan la'asar. Da tsakar rana zafin Maris da Afrilu na haura maki 40, kyamara na iya ɗaukar zafi ta mutu ana tsakiyar magana. Ɗaki ɗaya, labule ɗaya, kuma duk wanda ya tsaya kusa da shi ya dawo da kayan da ya sa a farko, har ɗaurin kallabi. A kashe fanka, a nisanta janareta. Dabarar dusashe fuska ko ɗora muryar wani a kan bakinsa kuwa, ku manta da ita, tallata abin kawai take yi. In shi ne rabin fim ɗin, ku ɗaga zuwa Kirsimeti.

Nan gaba, kafin a kunna kyamara, kowa ya sa hannu a takarda cewa ikilisiya na da ikon dakatar da fim ko cire fitowarsa. Ku kuma adana ɗanyen hoton a ma'aji biyu, domin wanda ya goge shi ba shi da abin gyara.

Tambaya: Malam, an ba ni rawar mai raba aure a wani fim, mijina ya ce a'a. In nace?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki nace. Tsoronsa na da tushe: 'yan kallo kan manna wa mutum sunan rawarsa, har a kasuwa yara su riƙa kiran ki da shi. Ki roƙi mai ba da umarni ya zo gida ya karanta wa maigidan labarin tun daga farko har ƙarshe. In ya amince, a sauya miki suna da shiga sosai, kuma ranar haskawa a gabatar da ke ga jama'a da ainihin sunanki. In bai amince ba, ki karɓi aikin kula da sutura ko riƙe rubutun.