Tambaya da Amsa: Me ya sa Tokyo Ghoul ya rikice daga zango na biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli zangon farko na Tokyo Ghoul, ya kama ni sosai, amma da na shiga na biyu sai na rasa kan labarin. Laifina ne ko na masu shirin? Sannan ƙanena ɗan shekara 12 zai iya kalla? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba laifinki ba ne. Asalin labarin littafin zane ne na Japan, wato manga, wanda Sui Ishida ya fitar daga 2011 zuwa 2014, juzu'i 14. Kamfanin Pierrot ya mayar da shi shirin talabijin a 2014, kashi 12, kuma wannan zangon ya bi littafin, ko da yake da gaggawa. Zango na biyu, √A na 2015, shi ne ya saki hanya: a cikinsa Kaneki, jarumin labarin, ya shiga ƙungiyar dodanni ta Aogiri, wadda ta sace shi aka azabtar da shi, alhali a littafin tasa tawagar ya kafa. Shi kuwa Tokyo Ghoul:re na 2018 ya ɗora ne kan abin da ke littafi, ya cusa juzu'i 16 na littafin ci gaba, mai suna :re shi ma, cikin kashi 24. Shi ya sa mutane ke ɓullowa ba a gabatar da su ba, a kashe su kafin ki riƙe sunansu.

Abin yi: bayan kashi na 12, ki koma littafin daga juzu'i na 1, ki kai na 14, sannan ki taɓa :re.

Abin da ya kama ki, ina jin, yunwa ce. Dodannin shirin, wato ghoul, ba kurwa suke kamawa irin ta maye ba, naman mutum kaɗai ke ƙosar da su, ga su da kamar kowa, suna zuwa makaranta. Kaneki ɗalibi ne da aka dasa wa kayan cikin dodanniya Rize bayan ƙarafa sun faɗo mata. Ki tuna daren da ya buɗe firij yana ɗanɗana abinci ɗaya bayan ɗaya yana amayarwa, hawaye na zuba. Nan ne zuciyar shirin, ta fi duk faɗace-faɗacen. Kofi kaɗai harshensu ke karɓa, shi ya sa shagon kofi na Anteiku ya zama mafakarsu. Ko jami'an CCG masu farautarsu, da gaɓar jikin dodon da suka kashe suke ƙera makamansu, har ki rasa wa za ki tausaya wa.

Batun ƙanenki kuwa, a'a. A kashi na 12 ana yanke wa Kaneki yatsun ƙafa su tsiro a sake yankewa, ana sa shi ƙirga daga 1000 yana rage bakwai-bakwai don kada hankalinsa ya gushe. A bar shi ya girma tukuna.