Jiragen Mariner: gudu a teku, zaman jira a bakin wof

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya, na ga hoton da ka ɗora, na kuma karanta abin da ka rubuta a ƙasansa: wai ka ji an ce wannan jirgin dakon kaya na shekarun 1950 ya fi yawancin na yau gudu, to me ya sa aka daina ƙera irinsa, ko mutane sun daina son kayansu su iso da wuri ne? Na ga wasu sun amsa maka da cewa tsufa ne kawai. Ba tsufa ba ne. Ni na fara aikin ƙirga kaya a bakin wof na Apapa a 1971, na yi shekaru ina tsaye a bakin rumbun irin waɗannan jirage da littafi a hannu, don haka bari in faɗa maka yadda na fahimci lamarin, ka yi haƙuri da tsawon magana.

Jirgin da ke hotonka ɗan gidan Mariner ne, ƙirar Amurka. Kafin ka gane shi sai ka san iyayensa. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen Liberty guda 2,710. Injinsu tsohon yayi ne, ƙarfin doki 2,500, gudunsu kuma mil 11 na teku a awa, wato wajen kilomita 20. Ɗan acaɓa ma ya fi haka. Jirgi mai irin wannan tafiya ba ya iya fita shi kaɗai a lokacin yaƙi, dole a haɗa su ayari da rakiyar jiragen yaƙi, kuma duk wanda ya san fatauci ya san ayari da takun jakin baya yake tafiya. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun yi ta cin kasuwarsu a kansu. Shi ya sa a 1944 aka fito da Victory, sama da 500, masu yin mil 15 zuwa 17.

Da yaƙi ya ƙare sai hankalin Amurka ya koma kan Rasha. Jamusawa sun bar wani sabon samfurin jirgin ƙarƙashin ruwa da ke iya yin wajen mil 17 a nutse, kuma Rasha ta samu wasu ta yi nazarinsu. Ka ga ke nan gudun Victory ya tashi daga kariya. Ana cikin haka yaƙin Koriya ya ɓarke a watan Yunin 1950, sai ga Amurka tana kakkaɓo tsofaffin jiragen da ta jingine domin kai kaya ƙetaren Pasifik. A nan ne gwamnati ta ware dala miliyan 350 a ƙera sababbi guda 35, aka raba aikin ga ma'aikatun ƙira bakwai, kowace biyar. Na farko, Keystone Mariner, ya fara aiki a 1952, na ƙarshensu kuma a 1955.

Sunayen ma abin sha'awa ne. Kirarin jihohin Amurka aka ɗauko ana liƙa wa kowanne: Keystone na Pennsylvania ne, Cornhusker na Nebraska, Empire State na New York, Badger na Wisconsin. Kamar a ce mu mun ƙera jirage mun sa wa wannan Tumbin Giwa, wancan Ɗakin Kara.

Tsawon kowanne ya kai wajen mita 172, faɗi mita 23, rumbunan kaya bakwai, yana ɗaukar abin da ya kai tan dubu 13. Injinsa na tururi ne mai ƙarfin doki 17,500, gudunsa mil 20 a awa, kilomita 37 ke nan. Na san wani zai yi dariya ya ce ai wannan tafiyar Keke Napep ce. To a ruwa ba haka ake lissafi ba, domin jirgi ba ya tsayawa shan mai ko cin abinci, dare da rana tafe yake. Daga San Francisco a Amurka zuwa Yokohama a Japan wajen mil 4,500 ne. Liberty sai ya yi kwana 17, Mariner kuwa kwana tara da 'yan awoyi ya isa. Dabarar ita ce ya fita shi kaɗai ba ayari, ba rakiya, ƙafarsa ta cece shi.

Amma ka sake duba alƙaluman nan. Gudun bai kai ninki biyu na Liberty ba, ƙarfin injin kuwa ninki bakwai ne. Haka ruwa yake: in kana son ninka gudu sau biyu, ƙarfin da za ka zuba sai ya kusan ninki takwas, mai kuma ya bi bayansa. Soja bai damu da wannan ba, ɗan kasuwa kuwa shi ne abin da yake fara dubawa. Saboda haka da jiragen suka fito kamfanoni suka noƙe, suka ce sun yi girma, sun yi tsada, sun cika shan mai. Wasu sababbi fil aka kai su ma'ajiya aka ɗaure. Sai daga baya kamfanoni irin su United States Lines da American President Lines da Pacific Far East Line suka saya, suka sa su a dogayen hanyoyin Gabas Mai Nisa, inda nisan tafiya ke sa gudu ya biya kuɗinsa. A can kam sun yi suna, har kamfanonin Ingila da Japan da Jamus suka shiga tseren ƙera masu gudun mil 20 da ɗoriya a shekarun 1960.

Yanzu ga inda nake da ta cewa, domin da idona na gani.

Irin wannan jirgi kayan gauraye yake ɗauka. Buhu, akwati, ganga, dam ɗin yadi, taya, ƙarfen gini, mota, injin niƙa, duk a ciki ɗaya. In ka duba hotonka za ka ga dogayen sanduna tsaye birjik a samansa kamar kurmi. Waɗannan su ne hannayensa, da su ake ɗaga kaya, kowanne da wincinsa. Ga yadda aikin yake: leburori suna can ƙasan rumbu suna jera buhuna a cikin raga ko igiya, mai ba da hannu yana tsaye a bakin rumbu yana yi wa mai winci alama, a ɗaga, a juya, a sauke a ƙasa, wasu leburorin su kwance su kai shago, wato ɗakin ajiyar kaya na tasha. Ni kuma ina gefe ina ƙirgawa ina duba lamba. Ɗagawa ɗaya tan ɗaya ko biyu. To lissafa tan dubu goma.

Kuma wannan in komai ya tafi daidai ne. Hadari ya taso, sai a rufe rumbu a ja tamfol, kowa ya nemi inuwa, domin siminti da sukari da gishiri ba sa shiri da ruwa. Winci ya lalace a jira makaniki. Shago ya cika a jira mota. Buhu ya fashe a jira mai ɗinki. Lodi ya fi saukewa wuya ma, saboda sai an yi tunanin wane kaya za a fara saukewa a wace tasha, kada a danne na gaba da na baya, kada a ajiye fata kusa da abin da ke ɗaukar wari, a shimfiɗa katako tsakanin kaya da ƙarfen jirgi don kada gumi ya ɓata su. Na riski ƙarshen zamanin gyaɗa, lokacin da wagunan jirgin ƙasa ke shigowa daga Kano har bakin wof, kuma buhu-buhu ake shigar da ita, a kan mutane. Gwanintar da ke cikin jera buhu a rumbu ba ƙarama ba ce, na ga dattawan da ba su iya rubuta sunansu ba amma in suka jera maka kaya ko guguwar teku ba ta motsa shi. Sai dai gwanintar tana cin kwanaki.

Wata rana na tambayi wani jami'in jirgi, Bature, kwana nawa suka yi a hanya. Ya faɗa mini, sannan ya ɗaga yatsunsa ya ƙirga kwanakin da suka yi a gabanmu, sun fi na hanyar. Ya yi dariya, ni ma na yi. Tun ranar na gane abin. Jirgin kayan gauraye kusan rabin rayuwarsa a ɗaure yake yinta a tasha. Injin nan mai ƙarfin doki dubu goma sha bakwai yana kwance, ma'aikata wajen hamsin suna cin albashi, kuɗin tasha yana hawa. Kwana bakwai da ya ƙwato a teku da tsadar mai, sai ya zubar da su a bakin wof yana jiran a ɗinke buhu.

A 1975 kuwa abin ya wuce misali, lokacin cunkoson siminti, da jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tekun Legas suna jiran layi, wasu watanni. Da dare in ka hango fitilunsu sai ka ce wani gari ne a kan ruwa. A cikin wannan layi, mai gudun mil 20 da mai gudun mil 10 duk ɗaya suke.

Wanda ya gano bakin zaren ba ma ɗan ruwa ba ne. Malcom McLean mai motocin dako ne a Amurka. A ranar 26 ga Afrilun 1956, shekara ɗaya kacal bayan kammala Mariner na ƙarshe, ya ɗora kwantena 58 a kan wata tsohuwar tankar mai da ake kira Ideal X, daga Newark zuwa Houston. Jirgin ba shi da wani gudu. Abin da McLean ya taɓa shi ne zaman tasha, aikin mako guda ya koma na yini. Daga nan jirage masu kurmin sanduna suka fara zama tsohon yayi, komai kyansu. United States Lines ma a farkon shekarun 1970 sai da ta yanka wasu daga cikin Mariner ɗinta, ta ƙara musu tsawo, ta tuɓe sandunan ta mayar da su na kwantena.

Sai tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙarasa su, farashi ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Injin tururi mai zarin mai ya zama kaya, dizal mai tafiya a hankali ya karɓe fage. Shi kansa McLean bai tsira daga wannan tarko ba. Kamfanin da ya kafa, Sea-Land, ya ƙera jiragen kwantena takwas masu gudun mil 33 a daidai wannan lokaci, ba su yi shekara goma ba aka sayar wa sojan ruwan Amurka, domin su kaɗai ke iya ciyar da su.

Ni dai a ganina ba a yi wa Mariner adalci ba in aka ce ya gaza. Ƙirar jikinsa ta yi kyau ƙwarai, shi ya sa aka yi ta sarrafa shi zuwa wasu ayyuka. Pine Tree Mariner da Free State Mariner an mayar da su jiragen fasinja na alfarma a 1956, Mariposa da Monterey, suna zirga-zirga tsakanin Amurka da Ostireliya. Badger Mariner ya zama jirgin fasinja mai suna Atlantic, daga baya ya koma jami'a mai yawo a teku, ɗalibai suna karatu suna zaga duniya. Sojan ruwa sun ɗauki biyar. Ɗaya ne bai yi tsawon rai ba, Cornhusker Mariner, wanda guguwa ta maka da duwatsu a bakin Busan a Koriya a 1953, ya rabe biyu yana sabo.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Empire State Mariner. An canza masa suna zuwa Observation Island, daga kansa aka fara gwada harba makami mai linzami na Polaris a teku a 1959, daga baya aka ɗora masa ƙatuwar na'urar hango makamai masu linzami, ya yi ta aiki har 2014. Shekara sittin ke nan a ruwa, ga jirgin da 'yan kasuwa suka ƙi taya shi yana sabo.

Wanda ya ce maka ya fi na yau gudu kuma, da ɗan gyara a maganarsa. Manyan jiragen kwantena da yawa suna iya wuce mil 20 in an sake musu linzami, da gangan ake rage musu tafiya don tsimin mai. Ka ƙara girman hoton naka ka duba gaban jirgin ko bayansa, in sunan ya fito ka turo mini, sai mu ga ko wanne ne a cikin 35 ɗin.